Zafin Bazara Da Tsofaffin Birnin Tarayya

Ran 12 ga watan Disamba na 1991 ne Janar Ibrahim Babangida ya bar Barikin Dodan da ke Ikko ya tare a Abuja, ma'aikatan Gwamnatin Tarayya kuma suka yi ta biyo shi rututu. Akawun da ya hau motar ƙaura a wannan lokaci yana ɗan shekara 30, to a 2021 ya cika 60, watau shekarun da dokar aikin gwamnati ta ce mutum ya ajiye aiki. Masinja da direba da mai gadin da suka girme shi kuwa tuni sun haura 70. Abin da wannan ɗan lissafi ke nunawa shi ne, birnin da aka saba ɗauka na matasa ne da 'yan neman kuɗi, yanzu ya tara tsofaffi nasa na kansa, alhali kuwa tun 1976 da marigayi Janar Murtala Muhammed ya yi shelar kafa shi, hankalin hukuma ya fi karkata ga tituna da gadoji da ofisoshi.

A da an ɗauka duk wanda ya gama aiki zai tattara nasa ya nasa ya koma garinsu. Wasu sun koma ɗin. Amma da yawa sun zauna, ko don 'ya'yansu a nan suke aiki, ko don asibitin da suke karɓar magani a nan yake, ko kuma don garin nasu a Zamfara ko Katsina ko Barno ya daina zaunuwa. Waɗanda suka kasa sayen gidajen gwamnati sa'ad da aka sa su a kasuwa a zamanin Shugaba Obasanjo, sai suka gangara Nyanya da Karu da Kubwa, wasu ma suka tsallaka Mararraba ta Jihar Nasarawa ko Suleja ta Jihar Neja. Banda su akwai dattawan Gbagyi da Koro da Gwandara da Gade da Bassa, waɗanda birni ya zo ya tarar a ƙauyukansu. Akwai tsofaffin 'yan kasuwar Dei-Dei da Zuba, da masu gadin da ke kwana a ƙofar gidajen Maitama, da 'yan gudun hijira a sansanonin Durumi da Kuchingoro da Wassa. Akwai kuma iyayen da 'ya'ya suka ɗauko daga gida suka ajiye a bene, su fita aiki da sassafe su dawo bayan magariba.

Ko su nawa ne? Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2006, lokacin da aka ce mutanen Birnin Tarayya duka-duka miliyan 1.4 ne, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Saboda haka hukuma tana shirya wa tsofaffin Abuja lafiya ne da alƙaluman da suka tsufa su ma.

Damina Tana Da Hoto

Shekara a Abuja kashi uku ce ga mai rauni. Hunturu yana shigowa wajen ƙarshen Nuwamba da ƙura da sanyin asuba, ya tayar wa masu asma da tari ciwonsu, ya kuma sa wasu su shiga ɗaki da kaskon gawayi su rufe ƙofa da taga, abin da kan kashe mutum cikin barci ba tare da ya ji komai ba. Damina tana kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba, da sauro da zazzaɓin cizonsa, da ambaliya, da amai da gudawa. A 2021 cutar kwalara ta kama mutum fiye da 111,000 a ƙasar nan ta kashe fiye da 3,600, Abuja ma ba ta tsira ba. A Yunin 2023 ruwa ya shanye gidaje fiye da ɗari a rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, kafin la'asar hotuna sun zagaye ƙasa, manyan jami'ai suka yi ta zuwa jaje.

Tsakanin waɗannan biyu bazara take, daga Fabrairu zuwa saukar ruwan fari, ita ce kuma ba ta da hoto. Ba ta rushe katanga, ba ta tafiya da mota. Tsoho ya kwanta da rana yana cewa jikinsa ba daɗi, da dare ya fara sambatu, kashegari bayan azahar a kai shi makwancinsa. A wurin zaman makoki sai a ce hawan jini ne, ko ciwon sukari, ko kuma kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare kam, babu mai musun wannan, amma kowane ajali da sababinsa, sababin da ba a ambata ba kuwa ba za a yi masa shiri baɗi ba.

A watan Fabrairu na 2024 Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, ta yi gargaɗin cewa zafi ya kai digiri 41 a Arewa, 39 a Kudu. Bayan mako bakwai, ran 3 ga Afrilu, garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5. A Bamako, asibitin Gabriel Toure ya ƙidaya mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa mutum 130 ne suka mutu a can. Wajen rabin mamatan sun haura shekara 60. Masana yanayi na ƙungiyar World Weather Attribution da suka bi diddigin al'amarin sun ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar duniya ba, kuma zai riƙa dawowa akai-akai.

Abuja ba Kayes ba ce, duwatsunta da tudunta suna rage mata. Duk da haka watan Maris a nan yakan haura digiri 35 kusan kullum, wasu ranakun ya doshi 40, mutanen Gwagwalada da Kwali da Abaji da ke kwari kuwa sun fi na Bwari shan wuya. Abin lura a labarin Bamako shi ne, an san abin da ya faru ne kawai don wani asibiti ya zauna ya ƙidaya gawa, ya kwatanta da ta bara, ya faɗa wa duniya.

Yadda Zafi Ke Kayar Da Tsoho

Jikin ɗan Adam yana fitar da zafi ta hanya biyu: gumi, da kuma turo jini zuwa fata don iska ta sanyaya shi. Duka biyun suna raguwa da shekaru. Tsoho ba ya gumi kamar saurayi, zuciyarsa ba ta iya ƙara gudu yadda ake bukata, ƙodarsa ba ta riƙe ruwa kamar da. Mafi haɗari ma shi ne ƙishirwa ba ta kama shi da wuri. Yaro in ruwa ya ragu a jikinsa zai dami uwarsa da kuka har sai an ba shi. Dattijo zai iya wuni a zaune bai nemi ko kofi guda ba, in an miƙa masa ya ce ya ƙoshi. Wasu ma da gangan suke rage sha, saboda gwiwa ta ƙi, banɗaki kuma yana can bayan gida, ko don kunyar yawan fita fitsari a gidan suruki.

Sai maganar magani. Da yawa daga cikin masu hawan jini suna shan ƙwayar da ke sa fitsari, wadda aikinta ke nan ta rage ruwa da gishiri a jiki. A lokacin sanyi wannan alheri ne. A tsakiyar Maris, ga gumi ga ƙarancin sha, sai jini ya faɗi ƙasa, mutum ya miƙe daga tabarma jiri ya kwashe shi, ya karya ƙugu. Karayar ƙugu ga ɗan shekara 75 sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Wannan ba dalili ba ne na mutum ya daina shan maganinsa da ka, don yin haka na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Dalili ne na a koma wurin likita kafin zafi ya kankama, a tambaye shi ko akwai abin da za a gyara. Mai ciwon sukari shi ma sukarinsa yana hawa in ruwa ya ragu, allurar insulin ɗinsa kuma tana lalacewa in ta sha zafi, ga firji ba wuta.

Alamun da ya kamata iyali su sani ba su da yawa. Fitsari ya yi kaɗan ya yi ja, baki ya bushe, ciwon kai da jiri da kasala, waɗannan na farko ne, ana maganinsu da inuwa da ruwa da garin nan na gishiri da sukari da ake sayarwa a kemis. Amma in jiki ya yi zafi rau, mutum ya rikice yana faɗin abin da ba shi ne ba, ko ya kasa gane 'ya'yansa, ko ya suma, to an shiga haɗarin da ake lissafinsa da mintoci. A nan ne ake yawan kuskure. Wani gida za a ce zazzaɓin sauro ne a aika yaro ya sayo ƙwaya, wani gida a ce iska ce a nemo mai ruƙiyya, wani kuma a ce ruɗewar tsufa ce a bar shi ya huta. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi, don ba daga cuta ya zo ba. Abin yi shi ne a sassauta masa tufa, a jiƙa masa jiki da ruwa sosai, a yi ta yi masa fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata, ana yi ana neman motar asibiti. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki, don yana iya sarƙewa.

Ko fanka ma tana da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in zafin ɗaki ya kai digiri 40, fanka ita kaɗai sai ta ƙara wa jiki zafi. Sai an jiƙa fata tukuna iskar take amfani.

Rufin Kwano, Wuta Da Ruwa

Kakannin waɗannan tsofaffi sun rayu da bazara ba fanka ba iyakwandishan, amma a soron ƙasa mai kaurin bango, ga randa a gindin bishiya, da dare kuma kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Ɗakin haya na Mpape ko Karmo ko Gwagwa bulo ne na siminti da rufin kwano, sau da yawa ba silin, taga ɗaya, ita ma a rufe saboda ɓarayi da sauro. Bango yana shan rana tun safe, da dare ya amayar da ita a kan mai barci. Likitoci sun daɗe da gane cewa zafin dare yana da lahani ƙwarai ga tsoho, don jiki ba ya samun sa'ar hutawa. A irin wannan ɗaki ne kuma kaka ke kwana da jikoki biyar ko shida, wanda shi ne abin da sanƙarau ke so: cunkoso da busasshiyar iska mai ƙura. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 ta kashe fiye da 11,000 a ƙasar nan, ta 2017 ta kashe fiye da dubu. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke tare nau'i biyar na cutar. Wannan ta yara ce da matasa, amma a gidaje da yawa kaka ce ke yanke shawarar a kai yaro ko kada a kai.

Tsarin ginin Abuja na 1979 ya keɓe filaye masu yawa don itatuwa da wuraren shan iska. Mai tafiya a Asokoro da tsohuwar Garki yana ganin amfanin wannan har gobe. Garuruwan gefe kuwa, inda yawancin jama'a suke, sun tashi ne ba tsari, kowane taku an kafa bulo, bishiyar da aka tarar an sare.

Ran 3 ga Afrilun 2024, ranar nan da Kayes ke ƙuna, ita ce ranar da hukumar kula da farashin lantarki ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin da ake kira Band A zuwa Naira 225 kowane ma'auni, daga ƙasa da Naira 70, bisa alkawarin za a ba su wuta awa 20 a rana. Daga baya an ɗan rage. Ɗan fansho da ya faɗa cikin wannan rukuni sai ya koma kashe fanka don kada mita ta cinye kuɗin cefane, mazauna sauran rukunai kuma suka yi ta kukan cewa an kwashe wutarsu an kai wa masu biya da tsada. Janareto ma ya gagara, tun da man fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 kafin cire tallafi a Mayun 2023 ya haura Naira 1,000 a Abuja a Oktoban 2024. Wanda ya samu ya tayar kuma, in ya shigar da injin cikin gida ko baranda don tsoron ɓarawo, hayaƙinsa na iya gamawa da iyali duka a dare ɗaya.

Ruwan famfo na birnin daga madatsar Usuma yake zuwa, wadda ake ƙara mata daga Gurara. A Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya buɗe aikin faɗaɗa bututun ruwa zuwa wasu sababbin unguwanni, aikin da aka yi da rancen ƙasar Sin. Abin a yaba ne. Sai dai a unguwannin talakawa da yawa har yanzu ɗan garuwa ne hukumar ruwa, kuɗin jarka kuma yana tashi ne daidai lokacin da rijiyoyi suka ja baya, watau a bazara. Gidan da ke sayen ruwa da jarka ba ya yi wa tsoho wanka sau uku a rana.

Azumi Cikin Zafi

A 2024 an ɗauki azumin Ramadan ran 11 ga Maris, a 2025 ran 1 ga Maris, watau a tsakiyar zafin Abuja, azumin Kirista na kwana arba'in shi ma a wannan tsakani yake faɗowa. Shari'a ta sauƙaƙa wa tsohon da ba ya iyawa ya ciyar da miskini, mara lafiya kuma ya rama in ya warke, malamai suna faɗin haka a wurin tafsiri kowace shekara. Wahalar ita ce shawo kan dattijon da bai taɓa shan azumi ba tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Ɗansa ba zai iya ce masa Baba a sha ruwa ba, likita ma in ya faɗa sai a ce yaro ne ɗan boko. Limamin unguwa shi ne zai faɗa a ji. Da Sakatariyar Lafiya ta Birnin Tarayya za ta tara limamai da fastoci sau ɗaya kafin bazara, likita ya yi musu bayanin ƙoda da ƙwayar fitsari da sukari cikin Hausa da Gbagyi da Turancin buroka, da ta isar da saƙo inda sanarwar rediyo ba ta kai.

Aikin Hajjin 2024 ya isa ishara. Zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka ba da sanarwar mutuwar alhazai 1,301, da yawansu tsofaffi da masu ciwon da suka daɗe da shi.

Doka Akwai, Ƙofa A Rufe

Ba za a ce gwamnati ba ta yi komai a takarda ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta sami ƙaramin asibiti guda mai aiki. Abuja tana da mazaɓu 62 a ƙananan hukumominta shida. A 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, ta fara aiki a 2021 ƙarƙashin Dokta Emem Omokaro, hedkwatarta kuwa a nan Abuja. A wannan shekara ta 2021 Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. A Mayun 2022 aka yi sabuwar dokar inshorar lafiya wadda ta wajabta ta a kan kowa, ta kuma sa tsofaffi cikin masu rauni da gwamnati za ta biya wa. Birnin Tarayya yana da tasa hukumar inshorar, a nan ne kuma aka fara gwajin shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na gaggawa a 2022.

Duk da wannan, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mara lafiya yake fita. Bayan kamfanin GSK ya sanar da barin ƙasar a Agustan 2023, Naira kuma ta faɗi, kuɗin magunguna ya ninka, tsofaffi da yawa suka koma raba ƙwaya biyu, ko su sha yau su tsallake gobe. A wannan birni ne shugabannin Afirka suka taru a Afrilun 2001 suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu, har alkawarin ya ɗauki sunan Abuja. Mai masaukin baƙin kuwa shekara da shekaru tana yawo a wajen kashi biyar.

Manyan asibitoci akwai su: Asibitin Ƙasa, da na Koyarwa a Gwagwalada, da na Jabi, da na Wuse da Asokoro da Maitama da Kubwa da Nyanya. Amma tsohuwar da ke wani ƙauye bayan Kuje, wadda jiri ya kwasa da azahar, ba Asibitin Ƙasa take bukata ba tukuna. Ƙaramin asibitin mazaɓarsu take bukata, da ma'aikaciyar jinya guda, da ledar ƙarin ruwa. To a ƙarshen Maris na 2025, zafi na kan ganiyarsa, ma'aikatan ƙananan hukumomin Abuja, har da malaman firamare da ma'aikatan lafiya, suka tafi yajin aiki kan rashin biyansu mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da wasu basussuka. Rikicin ya ja fiye da wata uku, ƙananan asibitoci suna kulle. Likitocin asibitocin Hukumar Birnin Tarayya su ma sun yi nasu yajin a Janairu da Satumba na wannan shekara, suna kukan ƙarancin ma'aikata da kayan aiki. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru.

Ma'aikacin da aka hana hakkinsa ba a ga laifinsa ba in ya ajiye aiki. Laifin yana kan waɗanda suka bar magana ta kai ga haka, kuma suka bar ta ta daɗe. Mista Nyesom Wike, wanda ya zama Ministan Birnin Tarayya a Agustan 2023, ya yi suna wajen gama tituna da gadojin da aka yi watsi da su, ko masu adawa da shi ba su musa wannan ba. Da irin wannan zafin nama ya sauka kan albashin ma'aikaciyar jinya ta Rubochi da Yaba tun makon farko, da ba a yi wata uku ana jan magana ba.

Abin Da Wasu Suka Yi

A Agustan 2003 zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a Faransa, yawancinsu tsofaffi masu zaman kaɗaici, a lokacin da iyalai da likitoci suka tafi hutu. Abin ya zama abin kunya ga gwamnati. A shekarar da ta biyo aka yi doka cewa kowane magajin gari ya buɗe rajistar tsofaffi da naƙasassun yankinsa, in an yi shelar zafi a bi su ɗaya bayan ɗaya, ta waya ko da ƙafa. Wani zai ce Faransa mai kuɗi ce. To ga Ahmedabad ta ƙasar Indiya, birnin talakawa masu rufin kwano irin na Karmo. A Mayun 2010 zafi ya kashe mutum fiye da 1,300 a can. A 2013 hukumar birnin ta fito da shiri: gargaɗi kwanaki kafin zafi, ruwan sha a tashoshi da kasuwanni, buɗe wuraren ibada da lambuna don a fake, da horar da ma'aikatan asibiti su gane alamun, daga baya kuma aka ƙara da shafa farin fenti ko farar ƙasa a kan rufi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ana tsirar da rai fiye da dubu a kowace shekara.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin Abuja. Gargaɗin yana nan, NiMet tana fitar da hasashen shekara tun farkonta, tana kuma shelar ranakun tsananin zafi. Sai dai shelar takan tsaya ne a Turanci a shafukan intanet, inda tsohon mai gadi ba ya leƙawa. Rajistar ma ba sai an ɗauko ɗan kwangila ba. Birnin Tarayya yana da sarakuna, tun daga Ona na Abaji har Sarkin Jiwa da na Karshi da na Bwari, ƙarƙashinsu ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, kowace kasuwa kuma da sarkinta. Mai unguwa ya san gidan da tsohuwa take ita kaɗai, ladan ya san wanda bai fito sallar asuba ba kwana biyu. A zamanin En'e duba-gari yana shiga gida-gida ya leƙa randa da masai, ana tsoronsa ana kuma jin maganarsa. Jami'an tsabtar muhalli na ƙananan hukumomi su ne magadansa, sai dai an fi ganinsu wajen karɓar tara a shaguna.

A cikin gida kuma, ma'aikacin da ya bar mahaifiyarsa a bene daga bakwai na safe zuwa bakwai na dare, ya kamata ya san wanda zai leƙa ta da azahar, ya ajiye mata ruwa inda hannunta zai kai, a cikin abin da za a iya gane ko ta sha ko ba ta sha ba. Zuwa banki don fansho, da ganin likita, da ta'aziyya, a yi su da safe. Maigidan da ke kwana cikin iyakwandishan ya tuna da ɗakin kwanon da ke bakin ƙofarsa, da shekarun wanda ke cikinsa.

Saura ƙidaya. Rajistar mutuwa aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ne, amma mafi yawan masu mutuwa a gida ba a rubuta su, balle a rubuta sababi. Duk da haka asibitocin Hukumar Birnin Tarayya suna da littattafansu, masu kula da maƙabartar Gudu da sauran maƙabartu kuma sun san kabari nawa suke haƙawa a mako. In Sakatariyar Lafiya ta tattara waɗannan na shekara biyar, ta jera su wata-wata tare da shekarun mamatan, ta ajiye kusa da ma'aunin zafin NiMet, aikin akawu biyu ne na wata guda, kuma ya kamata a gama shi kafin ƙurar hunturu ta kwanta.